Tmux

tmux manhaja ce ta kwamfuta da ke bai wa mai amfani damar buɗe zaman layin umarni da yawa a cikin tagar taminal guda ɗaya, ya raba tagar gida-gida, ya kuma bar ayyukansa suna gudana ko da ya rufe tagar ko haɗinsa da kwamfutar ya yanke. Nicholas Marriott ne ya rubuta ta da yaren shirye-shiryen kwamfuta na C, aka fitar da sigarta ta farko a watan Nuwamba na shekarar 2007. Manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe da ake rabawa kyauta a ƙarƙashin lasisin ISC. Tana aiki a kan manyan manhajoji dangin Unix, kamar Linux, OpenBSD, FreeBSD, NetBSD da macOS. Masu kula da kwamfutocin da ke nesa da masu rubuta manhaja su ne suka fi amfani da ita.

Asalin suna

An taƙaita sunan ne daga kalmomin Turanci guda biyu, terminal da multiplexer. Ta farkon tana nufin na'urar da mutum ke rubuta wa kwamfuta umarni ta cikinta ya kuma ga amsa. Ta biyun ta samo asali daga kalmar Latin mai ma'anar abu mai ninki da yawa, kuma a fagen sadarwa ana kiran duk na'urar da ke tura saƙonni da dama ta waya guda da wannan suna. Dabarar ta daɗe, domin tun a shekarar 1874 injiniyan Faransa Émile Baudot ya yi rajistar wata na'urar tangaraho da ke bai wa ma'aikata da yawa damar aika saƙo ta layi ɗaya. Abin da tmux take yi ke nan da taminal: allo ɗaya da allon madannai ɗaya, amma ayyuka da yawa suna raba su. Ana rubuta sunan da ƙananan haruffa, kamar yadda aka saba rubuta sunayen umarni a Unix.

Matsalar da take magancewa

A farkon zamanin Unix, taminal na'ura ce mai zaman kanta da ake jonawa da babbar kwamfuta ta waya. Da farko irin keken rubutu ne da ke buga amsa a takarda, daga baya aka sami masu allo, kamar VT100 da kamfanin DEC ya fitar a shekarar 1978. Kowane taminal zama ɗaya yake ɗauka. Wanda yake son ya gyara fayil yana kuma kallon sakamakon wani aiki, sai dai ya nemi na'ura ta biyu ko ya dakatar da ɗayan aikin.

Matsala ta biyu ta fi wannan tsanani. A tsarin Unix, ayyukan da mutum ya tayar suna ɗaure da taminal ɗin da ya tayar da su a ciki. Idan taminal ɗin ya ɓace, babbar manhaja tana aika musu da wata sigina mai suna SIGHUP, wadda sunanta ya fito daga kife kan tarho, tun lokacin da ake shiga kwamfuta ta layin tarho. Yawancin shirye-shirye suna mutuwa nan take da sun sami wannan sigina. A yau ma haka abin yake ga wanda ya shiga kwamfutar nesa ta hanyar SSH. Idan intanet ya yanke, ko batirin kwamfutarsa ya ƙare, aikin da ya bari a can zai iya tsayawa a tsakiya. Idan kwafin manyan fayiloli ne, an yi asarar sa'o'i. Idan kuwa sabunta babbar manhaja ne ko sauya fasalin rumbun bayanai, tsayawar tana iya barin kwamfutar a lalace, rabi sabo rabi tsoho.

Akwai tsohon umarni mai suna nohup da ke sa aiki ya yi biris da siginar, amma ba ya bai wa mutum damar komawa ya ci gaba da mu'amala da aikin. Wannan giɓi ne manhajoji irin su tmux suka cike.

Tarihi

Manhajar da ta fara shahara a wannan fanni ita ce Screen. Oliver Laumann da Carsten Bormann ne suka tsara ta a Jami'ar Fasaha ta Balin da ke Jamus, aka fitar da ita a shekarar 1987. Daga baya Jürgen Weigert da Michael Schroeder na Jami'ar Erlangen suka karɓi ragamarta, kuma ta shiga cikin shirin GNU, shi ya sa ake kiranta GNU Screen. Ta yi kusan shekara 20 ba ta da wata babbar kishiya. Sai dai a shekarun 2000 aikin inganta ta ya yi sanyi, aka daɗe ba a fitar da babbar sabuwar siga ba.

A wannan yanayi ne Nicholas Marriott ya fara rubuta tmux daga tushe, ba tare da ya ɗauki rubutun Screen ba. A shekarar 2009 masu kula da OpenBSD suka shigar da ita cikin ainihin babbar manhajarsu, inda ta maye gurbin wata tsohuwar manhaja mai suna window. Sigar OpenBSD 4.6, wadda ta fito a watan Oktoba na shekarar, ita ce ta farko da ta zo da tmux a cikinta. Lasisin ISC ya sauƙaƙa wannan mataki, domin ya dace da manufar OpenBSD, saɓanin lasisin GPL da Screen take ɗauke da shi. NetBSD ma ta bi sahu daga baya. Har yanzu ana gudanar da aikin tmux a cikin OpenBSD, sannan a fitar da sigar da ke aiki a kan sauran manyan manhajoji. A shekarar 2015 aka mayar da ma'ajiyar wannan siga daga SourceForge zuwa GitHub.

Wasu daga cikin muhimman sigogi:

- 1.8 a 2013, wadda ta kawo damar faɗaɗa yanki ɗaya ya cika taga na ɗan lokaci.
- 2.1 a 2015, wadda ta sake fasalin amfani da linzamin kwamfuta ya koma saiti guda.
- 2.2 a 2016, wadda ta kawo cikakkun launuka masu bit 24.
- 3.2 a 2021, wadda ta kawo ƙananan tagogi masu bayyana a saman aiki.

Kamfanin Red Hat ya cire Screen daga babbar manhajarsa ta Red Hat Enterprise Linux 8 da ta fito a 2019, ya shawarci masu amfani su koma tmux. Duk da haka Screen ba ta mutu ba, domin an fitar da sigarta ta 5.0 a shekarar 2024.

Yadda take aiki

tmux ta kasu kashi biyu: uwa da ɗan aike. Lokacin da aka kira ta karon farko, tana tayar da uwar a bayan fage, ba ta ɗaure da kowane taminal ba. Uwar ce ke riƙe da dukkan ayyukan. Ga kowane aiki tana buɗe taminal na kwaikwayo, wato wata kafa da babbar manhaja ke samarwa wadda shiri yake ɗauka taminal ne na gaske. Shirin yana rubuta sakamakonsa a can, uwar tana karantawa tana ajiye hoton allon kowane aiki a ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Ɗan aiken shi ne ɓangaren da mai amfani yake gani. Aikinsa bai wuce kai abin da aka danna ga uwar da kuma nuna abin da uwar ta zana ba. Su biyun suna magana ta wani fayil na musamman da ake kira soket, wanda yawanci ke cikin foldar /tmp, a wata ƙaramar folda mai ɗauke da lambar mai amfani.

Amfanin wannan rabo yana bayyana ne lokacin da haɗi ya yanke. Ɗan aiken ne kawai yake mutuwa. Ayyukan kuwa suna ɗaure da taminal na kwaikwayo da ke hannun uwar, saboda haka siginar SIGHUP ba ta isa gare su, ba su ma san an sami matsala ba. Idan mai amfani ya dawo ya tayar da sabon ɗan aike, uwar sai ta sake zana masa allon kamar yadda yake a wannan lokaci. Haka kuma ƴan aike da yawa za su iya jonuwa da uwa ɗaya a lokaci guda. A tsarinta na asali, uwar tana rufe kanta idan babu sauran zama ko ɗaya.

tmux ta dogara da laburare guda biyu: libevent, wanda ke taimaka mata sauraron kafofi da yawa a lokaci ɗaya, da kuma ncurses ko makamancinsa, wanda take samun bayanin halayen kowane irin taminal ta hanyarsa.

Zama, taga da yanki

Ayyuka a cikin tmux suna jere ne hawa uku.

Zama shi ne babban rukuni. Ana iya ba shi suna, kuma yawanci mutum yana ware zama ɗaya ga kowane aiki da yake yi. Shi ne abin da ake kwancewa a kuma sake jonawa.

Taga tana cikin zama, kuma tana cika allon gaba ɗaya. Zama ɗaya yana iya ƙunsar tagogi da yawa, amma ɗaya ake gani a lokaci guda, kamar shafukan manhajar lilo a intanet. Ana ƙidaya su daga 0.

Yanki kuwa ɓangare ne na taga. Ana iya tsaga taga a tsaye ko a kwance, a kuma sake tsaga kowane yanki. Kowane yanki taminal ne cikakke mai aikinsa daban.

A ƙasan allon akwai layin bayani, wanda launinsa na asali kore ne. Yana nuna sunan zaman, jerin tagogi tare da alamar tauraro a kan wadda ake ciki, da kuma lokaci da kwanan wata.

Maɓallai da umarni

Da yake duk abin da aka danna yana wucewa ne zuwa ga shirin da ke cikin yankin, tmux tana buƙatar hanyar gane cewa da ita ake magana. Don haka ake fara danna maɓallin jagora, wato Ctrl tare da b, a saki, sannan a danna maɓallin umarnin. Waɗanda aka fi amfani da su bayan maɓallin jagora su ne:

- c, buɗe sabuwar taga.
- n da p, zuwa taga ta gaba ko ta baya.
- lamba daga 0 zuwa 9, tsallakawa kai tsaye zuwa tagar da ke da lambar.
- %, raba yanki biyu, hagu da dama.
- ", raba yanki biyu, sama da ƙasa.
- maɓallan kibiya, matsawa daga yanki zuwa yanki.
- z, faɗaɗa yanki ya cika taga, ko mayar da shi yadda yake.
- x, rufe yanki bayan an tabbatar.
- d, kwance zaman a bar shi yana gudana.
- [, shiga yanayin kwafi, inda ake komawa baya a karanta ko a kwafi abin da ya wuce.
- ?, nuna jerin dukkan maɓallai.

Daga layin umarni kuma, tmux new -s tare da suna yana buɗe sabon zama, tmux ls yana jera zaman da ke akwai, tmux attach -t tare da suna yana komawa cikin wanda aka kwance.

Misali, ma'aikacin da zai kwashe bayanai masu yawa a wata kwamfutar nesa zai shiga ta SSH, ya rubuta tmux new -s kwafi, ya tayar da aikin, sannan ya danna maɓallin jagora da d. Daga nan zai iya kashe kwamfutarsa ya tafi gida. Washegari, ko daga wata na'urar daban ce, idan ya shiga ya rubuta tmux attach -t kwafi, zai tarar da aikin ya ci gaba ko ya kammala, sakamakon yana kan allo. Sharaɗin shi ne a tayar da tmux a kan kwamfutar nesan, domin idan a kan tasa kwamfutar ya tayar da ita sannan ya shiga nesa daga ciki, yankewar haɗi za ta kashe aikin kamar yadda aka saba.

Saituka

Ana rubuta saitukan tmux a fayil mai suna .tmux.conf a babbar foldar mai amfani. Umarnin da ake rubutawa a fayil ɗin su ne dai waɗanda ake bai wa manhajar tana cikin aiki, babu wani yare daban na saiti. Abubuwan da aka fi sauyawa sun haɗa da maɓallin jagora, inda waɗanda suka saba da Screen kan mayar da shi Ctrl da a, da kunna linzami ta hanyar set -g mouse on, da fara ƙidayar tagogi daga 1, da launukan layin bayani. Akwai kuma yawan layukan baya da kowane yanki yake tunawa, wanda a asali 2000 ne. A yanayin kwafi ana iya zaɓar salon maɓallan vi ko na Emacs.

Tun da kowane abu umarni ne, ana iya sarrafa tmux daga rubutaccen jerin umarni. Umarnin send-keys yana tura rubutu zuwa yanki kamar mutum ne ya danna, capture-pane kuma yana ɗebo abin da ke kan allon yankin. Da waɗannan ake shirya wurin aiki gaba ɗaya da kira guda. Manhajar taminal ta iTerm2 da ke kan macOS tana amfani da wani yanayi na musamman na tmux domin ta nuna tagogin tmux kamar nata tagogin.

Amfani

Babban amfaninta shi ne kare dogayen ayyuka a kwamfutocin nesa, musamman a wuraren da intanet ko wutar lantarki ke yawan yankewa. Masu bincike da ke amfani da manyan kwamfutocin jami'o'i suna barin lissafi mai ɗaukar kwanaki a cikinta. Masu rubuta manhaja kan buɗe editan rubutu a yanki ɗaya, gwaji a na biyu, rahoton kurakurai a na uku. Masu kula da kwamfutoci da yawa suna amfani da saitin synchronize-panes, wanda ke sa abin da aka rubuta ya shiga dukkan yankunan taga a lokaci guda.

Ana kuma amfani da ita wajen koyarwa da aikin haɗin gwiwa. Idan mutum biyu suka jonu da zama ɗaya, kowannensu yana ganin abin da ɗayan yake rubutawa, kuma rubutu kawai ake turawa, wanda bai kai hoton bidiyo cin data ba. Manhajar girka Fedora da Red Hat, mai suna Anaconda, tana amfani da tmux wajen samar da tagogin rahoto yayin girkawa. A wayoyin Android ana iya girka ta a cikin manhajar Termux, a Windows kuma tana aiki ta cikin WSL ko Cygwin.

Iyakoki da matsaloli

Zaman tmux yana rayuwa ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi. Idan kwamfutar da uwar take kai ta mutu ko aka sake kunna ta, dukkan zaman sun tafi. Akwai ƙarin manhaja mai suna tmux-resurrect da ke adana tsarin tagogi da foldoji ta dawo da su, amma ba ta iya dawo da aiki daga daidai inda ya tsaya.

A shekarar 2016, sigar 230 ta systemd, manhajar da ke tafiyar da ayyukan bayan fage a yawancin nau'o'in Linux, ta zo da saitin da ke kashe duk ayyukan mutum da zarar ya fita. Wannan ya shafi tmux da Screen kai tsaye, ya kuma jawo muhawara mai zafi. Nau'o'in Linux da dama, ciki har da Debian, sun kashe saitin a nasu ɓangaren.

Ta fuskar tsaro, duk wanda ya sami damar shiga soket ɗin ya sami iko da dukkan zaman, har da taminal da aka bari a buɗe da ikon shugaban kwamfuta. Saboda haka raba zama da wani yana nufin ba shi cikakken ikon asusun. Saitin rubutu a dukkan yankuna shi ma yana da haɗari, domin kuskure ɗaya zai faɗa wa kwamfutoci da yawa a lokaci guda.

Sababbin masu amfani kan yi kukan yawan maɓallan da za a haddace, da kuma wahalar kwafin rubutu daga tmux zuwa wasu manhajoji. Maɓallin jagoran ma yana karo da wasu shirye-shirye: a Emacs da layin umarnin Bash, Ctrl da b yana mayar da alamar rubutu baya da harafi ɗaya, a vi kuma yana komawa shafin baya. Mafita ita ce a danna shi sau biyu, sai tmux ta miƙa shi ga shirin. Haka ake yi idan an buɗe tmux a cikin wata tmux. Bugu da ƙari, da yake tana tsakanin shiri da taminal na gaske, sababbin fasahohin taminal ba sa aiki a cikinta sai ita ma ta koye su, kuma kuskuren saitin nau'in taminal kan jawo launuka su rikice.

Bambancinta da GNU Screen

Manhajojin biyu aiki ɗaya suke yi, amma sun bambanta a wasu wurare. Maɓallin jagoran Screen shi ne Ctrl da a, wanda ke karo da maɓallin komawa farkon layi a Bash. A Screen kowane zama yana da tasa uwar, a tmux kuwa uwa ɗaya ce ke riƙe da duka, abin da ya sa ɗauke taga daga wani zama zuwa wani yake da sauƙi. tmux tana zuwa da layin bayani a kunne, Screen kuwa sai an saita. A ɗaya ɓangaren, Screen tana iya jonuwa kai tsaye da kafar siriyal, shi ya sa masu saita na'urorin sadarwa da ƙananan allunan lantarki suke ci gaba da amfani da ita.

Makamantan manhajoji

- Byobu, wadda Dustin Kirkland ya rubuta domin Ubuntu. Tana hawa kan tmux ko Screen ta sauƙaƙa amfani da su. Sunanta kalmar Japananci ce mai nufin shingen ɗaki mai naɗewa.
- dtach da abduco, waɗanda ke yin kwancewa da sake jonawa kawai, ba sa raba taga.
- dvtm, wadda ke raba taga kawai, ana yawan haɗa ta da abduco.
- tmate, reshen tmux da aka gina domin raba zama da wani ta intanet.
- Zellij, sabuwar manhaja da aka rubuta da yaren Rust, mai nuna maɓallan umarni a kan allo.
- Mosh, wadda aka fitar a 2012 daga cibiyar MIT ta Amurka. Ita haɗin kanta take karewa daga yankewa, kuma da yawa suna amfani da ita tare da tmux.

Duba kuma

- Unix
- Linux
- OpenBSD
- SSH
- GNU Screen